Gidan da Fitilunsa Suke Bin Kiɗa

A ƙarshen shekarar 2005, lokacin da YouTube bai cika shekara guda da kafuwa ba, wani gajeren bidiyo ya riƙa yawo a akwatunan imel na Amurkawa. Gida ne irin na unguwannin bayan gari, an ɗauke shi da dare, jikinsa lulluɓe da fitilun Kirsimeti. Fitilu a jikin gida ba baƙon abu ba ne a can. Abin da ya tsayar da masu kallo shi ne waɗannan fitilun suna bin kiɗa. Ganga ta buga, tagogi su walƙa. Jita ta hau sama, haske ya bi sahun ƙananan bishiyoyi a guje daga wannan gefe zuwa wancan. Kiɗa ya ɗauke, gida ya yi duhu ɗif. Mutane da yawa sun rantse cewa siddabarun masu tace hoto ne.

Mai gidan injiniyan lantarki ne mai suna Carson Williams, a garin Mason na jihar Ohio. Ya raba fitilu kimanin 16,000 zuwa kaso 88, ya ɗora kowane kaso a kan makunnin da kwamfuta ke juyawa, sannan ya daidaita su da wani kiɗa na ƙungiyar Trans-Siberian Orchestra mai suna Wizards in Winter. Sautin bai fita ta lasifika ba. Ƙaramar na'urar watsa FM ce take aika shi zuwa rediyon motar duk wanda ya tsaya a ƙofar gidan.

Farin jinin ne ya kashe wasan. A farkon Disamba na shekarar motoci suka toshe unguwar, aka yi haɗari, jami'an tsaro suka kasa ratsa cunkoson su isa wurin, Williams ya kashe fitilunsa. Sai dai aikin gama ya gama. Dubban mutane sun gani, sun ce su ma za su iya, kuma daga nan abin ya zama aikin sha'awa mai kasuwarsa da manhajojinsa da tarukansa na shekara shekara, a Amurka da Kanada da Birtaniya har Ostareliya, inda Kirsimeti ke faɗowa a tsakiyar zafi.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar mai karatun da yake bin waɗannan layuka yana jin ƙarar janareton maƙwabci, domin ni ma shi ya fara zuwa mini: wannan ai wasan ƙoshi ne. Akwai ma alƙaluman da suke goyon bayan wannan hukunci. A 2015 masu bincike a cibiyar Center for Global Development da ke Washington sun ɗauko wani ƙiyasi na Ma'aikatar Makamashin Amurka na 2008, wanda ya ce fitilun ado na ƙarshen shekara suna shan yunit biliyan 6.6 na lantarki, irin yunit ɗin nan da muke saya mu loda a mita. Suka nuna cewa wannan ya zarce abin da ƙasar Habasha ko Tanzaniya ko Nepal ko Kambodiya take sha a shekara sukutum a wancan lokacin. Shekara guda kafin nan hukumar NASA ta fitar da hotunan tauraron ɗan adam da suka nuna biranen Amurka suna ƙara haske da kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari a makonnin Kirsimeti. Hotunan dai sun nuna wasu biranen Gabas ta Tsakiya suna ƙara fiye da kashi 50 a watan Azumi, abin da ke tuna mana cewa ɗan adam, ko na ina ne, idan yana murna sai ya ƙara fitila.

Duk da haka ina ganin tuhumar almubazzaranci ta sauka inda bai dace ba, kuma akwai wata tuhumar da ta fi ta ƙarfi wadda ba a cika kawowa ba. Kafin a kai ga hukunci sai an san yadda ake gina abin.

Tarihin gajere ne. A Disamba 1882 Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya rataya ƙwayayen lantarki 80, ja da fari da shuɗi, a bishiyar Kirsimeti a gidansa da ke New York. Kafin nan kyandir ake maƙalawa a rassan bishiya, da duk haɗarin gobarar da ke tattare da haka. A 1895 aka kunna irin wannan bishiya a fadar White House zamanin Grover Cleveland. Fiye da shekara ɗari bayan haka fitilar ba ta canza ɗabi'a ba: igiya guda, launi guda, ko dai tana kunne ko tana kashe, iyaka a rage mata haske. Da irin wannan Williams ya yi aiki. Idan yana son rufin gida ya riƙa sauyawa tsakanin launi huɗu, dole ya rataya igiya huɗu, ya ba kowace makunninta, ya ja wa kowace wayarta har zuwa akwatin sarrafawa. Akwatunan kamfanin Light-O-Rama da ya yi amfani da su sukan ɗauki kafa 16 kowanne. Kafa 88 na nufin waya 88 shimfiɗe a kan ciyawa.

Abu biyu suka rushe wannan tsari. Na farko shi ne ƙwan LED shuɗi, wanda masanan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar a farkon shekarun 1990, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. An daɗe da samun ja da kore, shuɗin ne ya gagara, kuma da shi ne ake iya gauraya ukun a fitar da kowane launi har da fari. Na biyu shi ne wani ƙanƙanin guntun lantarki mai suna WS2811, na kamfanin WorldSemi na ƙasar Sin, wanda ake dasawa a gindin kowane ƙwai. Ƙwai mai launi uku haɗe da wannan guntu shi masu harkar suke kira fiksil. Girmansa kamar kan ɗan yatsa, faɗinsa milimita 12, an cushe shi cikin roba don kada ruwa ya shiga.

Yadda fiksil ke karɓar umarni shi ne abin da ya fi burge ni a duk harkar, saboda sauƙinsa. Waya uku ce ke ratsa igiyar. Ɗaya tana kawo wuta, ɗaya tana mayar da ita, ta ukun tana ɗauke da saƙo. Saƙon kowane fiksil lamba uku ce kawai: nawa ja, nawa kore, nawa shuɗi, kowace daga sifiri zuwa 255. Idan aka ninka 256 sau uku za a sami launi 16,777,216. Fiksil ba shi da suna, ba shi da adireshi. Akwatin sarrafawa yana turo saƙonnin duka a jere, na farko ya ɗauki lamba ukun da ke gaba, ya miƙa saura ga na biyu, shi ma ya ɗauki nasa ya miƙa, har zuwa na ƙarshe. Wanda ya taɓa zama a wurin ɗaurin aure ya ga yadda ƙwaryar goro ke zagayawa ya riga ya fahimci tsarin: kowa ya ɗauki rabonsa ya miƙa gaba. Ya kuma fahimci rauninsa. Idan mutum ɗaya ya yi barci da ƙwarya a cinya, duk wanda ke bayansa ya rasa. Fiksil ɗaya ya mutu a tsakiyar igiya, saura ko dai su yi duhu ko su haukace da walƙiya, kuma maganin shi ne a hau tsani cikin sanyin Disamba a yanke shi a dasa sabo. Ƙwaryar kuma hanya ɗaya take bi. A juya igiyar baibai, ko ɗaya ba zai kama ba.

Miƙa saƙon fiksil guda yana cin kashi 30 cikin miliyan na sakan ɗaya. Don haske ya yi tafiya sumul ba tare da ido ya ga yana tsalle ba, masu harkar sukan sabunta hoton sau 40 a sakan, wasu sau 20. Mai sabuntawa sau 40 yana da kashi 25,000 cikin miliyan na sakan a kowane zagaye, wato fiksil ɗari takwas da 'yan kai kafin lokaci ya ƙure. Wannan ne dalilin da ya sa akwatunan sarrafawa suke zuwa da baki 8 ko 16 ko fiye, kowane baki da igiyarsa, duk suna aiki a lokaci guda.

Da wannan gida ya tashi daga abin da ake rataya wa fitila ya koma allon talabijin mai siffar gida. Mai ginawa yakan bi gefen rufi da tagogi da ƙofa da layin fiksil. Yakan kafa dogon ƙarfe a tsakar fili ya sauko da igiyoyi daga ƙololuwa zuwa wani zobe a ƙasa, igiya 16 mai fiksil 50 kowace ga mai farawa, ko 32 mai 100 ga wanda abin ya shiga jininsa, sai ta zama bishiyar da za a iya zana hoto mai motsi a jikinta. Taurari da dusar ƙanƙara da fuskokin da ke waƙa ana yin su da faifan roba mai huji huji, a tura fiksil ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Wanda zai tura dubu biyar ya san abin da yatsunsa za su gani.

Sai kuma tsara wasan, inda aikin injiniya ke haɗuwa da kunnen makaɗi. Manhajar da ta fi yaɗuwa ita ce xLights, kyauta ce, 'yan sa kai ne suke rubuta ta. Akwai kuma Vixen, ita ma kyauta, da ta Light-O-Rama ta kuɗi. Mutum zai ɗauki hoton gidansa, ya zana kowane abu a inda yake, ya gaya wa manhajar wane fiksil ne na farko, ta ina igiyar ta bi, a ina ta juya. Idan ya yi kuskure a nan, hoton da ya kamata ya hau sama sai ya gangara ƙasa. Daga nan ya shigo da waƙar, ya sa alama a kan kowane bugu, ya fara yanke hukunci: a wannan bugun tagogi su yi ja, a wancan haske ya zubo daga rufi, idan muryar mawaƙi ta shigo fuskar da ke jikin gareji ta buɗe baki daidai da kowace gaɓa. Minti ɗaya na waƙa yana iya cin sa'o'i masu yawa. A nan ne ake gane mai hankali da mai zumuɗi. Mai zumuɗi yana kunna komai a kowane lokaci, sai ido ya gaji cikin minti biyu. Mai hankali ya san amfanin duhu.

Yawan bayanan da ke fita daga wannan aiki yana da ban mamaki. Gida mai fiksil 5,000, wanda matsakaici ne a harkar, yana da kafa 15,000. Sau 40 a sakan ya ba da lamba 600,000 kowane sakan, waƙar minti uku kuwa lamba miliyan 108. Harshen da ake aika su da shi an gaje shi ne daga gidajen wasan kwaikwayo: ƙa'idar DMX512 ta 1986, wadda ke ɗaure kafa 512 a dami guda. Dami ɗaya yana ɗaukar fiksil 170, don haka gidan namu yana buƙatar dami 30, waɗanda ake turawa ta wayar intanet a ƙarƙashin wata ƙa'ida mai suna E1.31. Ba a barin babbar kwamfuta a waje. Ana zuba wasan a katin memori, a sa a Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu da aka fara sayarwa a Birtaniya a 2012, a ɗora mata manhajar Falcon Player, ita za ta kunna wasan da almuru ta kashe a lokacin da aka gindaya mata. Na'urar FM kuwa doka ta taƙaita ta. Hukumar sadarwar Amurka ba ta yarda wanda ba shi da lasisi ya watsa da ƙarfin da zai wuce kimanin mita 60 ba.

Duk wannan ɓangaren kwamfuta shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen wuta, kuma wannan na koya da hannuna. Da nake shirin wannan rubutu na sayi igiya mai fiksil 150 mai aiki da bolt 5, da ɗan allon ESP32 da na ɗora wa manhajar WLED, na jona su da cajar waya. Ina sa launin fari sai komai ya ɗauke, caja ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu. Laifina ne. Kowane fiksil a cikakken fari yana jan kusan kashi 6 cikin ɗari na amfiya ɗaya, 150 suna neman amfiya 9, cajar kuwa biyu take bayarwa. Na sayo babban akwatin wuta, sai wata matsalar ta ɓullo: farkon igiyar fari tas, tsakiya ya koma ruwan ɗorawa, ƙarshe ya yi jaja. Har na fara zargin mai shagon da ya sayar mini. Ashe ƙarfin wutar ne ke raguwa yayin da take ratsa siririyar waya, tamkar ruwan famfo a doguwar unguwa inda gidan farko ke cika randa, na ƙarshe yana tarar ɗigo. Shuɗi da kore suna buƙatar kusan bolt 3 kafin su kama, ja kuwa bolt 2 ya ishe shi, shi ya sa su ke fara gazawa a bar ja shi kaɗai.

Maganin shi ne a jawo sabuwar waya mai kauri daga akwatin wuta a shigar da ita a tsakiyar igiya ko a ƙarshenta. Yawancin masu ado a waje suna zaɓen fiksil mai bolt 12, domin ya fi jure nisa. Amma a nan akwai tarkon da ke kama masu ganin ƙaramin bolt ba ya cutarwa. Gaskiya ne bolt 12 ba ya jan mutum. Sai dai akwatin wuta mai wat 350 yana iya tura kusan amfiya 29, kuma idan waya biyu suka haɗu, wannan ya isa ya mayar da siririyar waya garwashi. Duk bakanike ya san yadda batirin mota ke narka sifana idan ta haɗa kawunansa biyu. Don haka kowane baki ake sa masa fiyus, galibi na amfiya 5. A ɗaya gefen akwatin kuma wutar gida ce, bolt 120 a Amurka, cikin ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara. Ƙa'idar gini a can ta wajabta soket na waje ya kasance mai yanke wuta da kansa da zarar kimanin kashi 5 cikin dubu na amfiya ya zurare ta wata hanya, wadda tana iya zama jikin yaron da ya taɓa waya.

Yanzu mu koma ga tuhumar farko da alƙalami a hannu. Fiksil mai bolt 12 a cikakken fari yana shan kusan wat 0.7, don haka 5,000 za su sha wat 3,600. Babu mai kunna su haka. Da dare hasken yana kashe ido, shi ya sa akan rage shi zuwa kashi 30 cikin ɗari ko ƙasa, kuma a cikin wasa ba safai dukkansu ke kunne da fari a lokaci guda ba. Mu ɗauka, a lissafina, matsakaicin wat 500, sa'a huɗu a dare, dare talatin. Yunit 60 ke nan a kakar duka. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi za ta shanye wannan a kusan dare bakwai. Alƙaluman 2008 kuwa na zamanin tsohon ƙwai ne mai zare, wanda yawancin wutarsa ke tafiya a zafi, har manyansa na shan wat 7 kowanne. Ko a lokacin, yunit biliyan 6.6 bai kai kashi ɗaya cikin 500 na lantarkin da Amurka ke sha ba. Abin da adadin yake tona wa asiri shi ne ƙarancin wutar Habasha da Tanzaniya, kuma abin da masu binciken suke son a gani ke nan. Yunit ɗin da aka ƙi ƙonawa a Ohio ba ya tsallaka teku ya kunna asibiti a Gusau.

Abin da nake gani a wannan harka makaranta ce, kuma irin wadda ke da wuyar samu. Yawancin masu yinta ba injiniyoyi ba ne. Akawu ko malamin makaranta ko tsohon soja da ya shiga don ya faranta wa jikoki rai, kafin shekara ta zagayo ya san dangantakar bolt da amfiya da kaurin waya, ya iya liƙa waya da dalma, ya iya raba wa na'urori adireshi a kan layin intanet, ya san yadda ake hana ruwa shiga akwati, ya iya ƙirga bugun kiɗa. Ba wanda ya ba shi takardar shaida. Jarrabawarsa ranar da ba ta matsawa, a gaban duk unguwa, kuma kuskure ɗaya kowa zai gan shi daga titi. Kayan karatunsa kyauta ne, malamansa baƙi ne da suka sha irin wahalarsa bara. Ƙasar da ke da dubban irin waɗannan mutane a garejinsu ta tara wani jari da ba ya fitowa a kasafin kuɗi.

Ilimin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Matasan da ke haɗa sola da inbata a Kano da Maraɗi da Zariya sun san asarar bolt a doguwar waya da amfanin fiyus fiye da yawancin masu digiri, domin larura ta koya musu. Igiyoyin fitilu masu sauya launi kuma suna nan a allunan shaguna da ɗakunan biki da titunan da ake ƙawatawa lokacin Sallah ko Maulidi ko Kirsimeti, galibi suna maimaita 'yan salon da suka zo da su a kwali. Tsakaninsu da abin da ake yi a Ohio akwai ɗan allo mai arha da manhaja kyauta, sai kuma abu na uku da mu 'yan boko muka fi kowa rashi, wato yarda cewa babban mutum mai ofis yana iya zama a ƙasa da filaya a hannu don sha'awa kawai. Da yawanmu soket ya lalace sai mun kira mai gyara, mu tsaya a kansa muna ba shi umarnin abin da ba mu sani ba. Ba zan ɓoye ba, harkar tana buƙatar abubuwan da ba kowa ke da su ba: wuta mai tsayawa, rarar kuɗi, rarar lokaci, da titin da za a bar kaya a waje wata guda a wayi gari a same su.

Inda nake rabuwa da masu wannan sha'awa shi ne haƙƙin maƙwabci. Wasan a filin mutum ɗaya yake, amma nauyinsa a kan titin kowa yake sauka. Mai aikin asuba da haske ke bugun labulen ɗakinsa, matar da ta dawo daga aiki ta tarar an toshe mata ƙofar gareji, motar asibiti da ke neman hanya, babu wanda aka nemi izininsa a cikinsu. Akwai kuma masu farfaɗiyar da walƙiya ke tayarwa, musamman mai bugawa tsakanin sau 3 zuwa 30 a sakan. Gidajen talabijin na Birtaniya suna da ƙa'idar da ta hana wuce walƙiya uku a sakan, amma wasan ƙofar gida babu mai tace shi. A 2014 hukumar birnin Plantation na jihar Florida ta kai wani iyali kotu tana cewa adonsu ya zama fitina ga jama'a saboda cunkoso. A 2016 alƙali ya ba iyalin gaskiya. Kotu ta raba gardamar doka, maƙwabtan kuwa suka ci gaba da zama a gidajensu.

Ko batun makamashin ma, idan da gaske ake, a titi ya kamata a neme shi. Mota tsaye da inji a kunne tana ƙona wajen lita ɗaya a sa'a, kuma babu mai kashe inji cikin sanyin Disamba yana sauraron rediyo. Mota 50 su tsaya minti 15 kowace, lita 12 da rabi ke nan a dare. Litar fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 9. Wato 'yan kallo sun ƙona fiye da yunit 100 don su kalli fitilun da suka sha yunit 2.

Gasa ta ƙara dagula lamarin. Tun 2013 tashar ABC take nuna shirin The Great Christmas Light Fight, inda gidan da ya yi nasara ke karɓar dala 50,000, kuma a idon kyamara yawa ne ke cin kasuwa. An kuma sami 'yan kasuwa masu sayar da wasan da aka riga aka tsara, mutum ya saya ya ɗora a kan taswirar gidansa. Ban ga laifin mai sayarwa ba, amma sakamakon shi ne gida ɗari a jiha goma suna walƙa iri ɗaya da waƙa ɗaya, kuma ɓangaren da ya fi koyar da mutum, wato zama da waƙa yana yanke hukunci a kan kowane bugu, shi aka fara jefarwa. Wanda ya sayi komai a shirye ya tara wa maƙwabtansa motoci, bai koyi abin da zai biya wannan bashin ba.

Masu dattaku a cikinsu sun san haka. Sukan zagaya gidajen maƙwabta tun kafin kaka ta zo, su rage haske, su juyar da shi daga tagogin mutane, su kashe da ƙarfe tara ko goma, su sa saƙo a rediyon yana roƙon direbobi su kashe fitilun mota kada kuma su toshe ƙofar kowa. Wasu sukan ajiye akwatin tara abinci ko kuɗi don mabuƙata a bakin titi. Wasu kuma da gangan suke ƙin sanar da adireshinsu. Williams kansa, bayan ya kashe na gidansa, a shekarar da ta biyo baya ya kai wasan wani filin shaƙatawa na garin Mason, inda motoci ke shiga ta ƙofa ɗaya su fita ta wata.